Tsohuwar da Aka Bari a Gaɓa

An ce wai a wani gari na bakin babban kogi, wanda ake kira Gungun Tsamiya, an yi wani alƙali mai suna Mu'allayiɗi, mutum mai sanyin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya duba magana ciki da bai. A ƙasar akwai doka tun ta kakanni a kan masu fito, wato masu ƙetarar da mutane a kwalekwale. In iska ko dorina ta kifar da jirgi, ƙaddara ce, ba a kama kowa. In kuwa mai fito ya san lodi ya fi ƙarfin jirginsa, ya tura shi a haka har aka rasa rai, sai a ɗaure shi, a kuma raba shi da kogi har abada. Wuyar dokar ɗaya ce: sani a zuci yake, ba a kuwa tsaga ƙirjin mutum a duba.

Cikin masu fiton garin babu wanda ake so kamar Arzika. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ko akuya ce ta tsaya a gaɓa tana kallonsa, sai ya ji nauyin barin ta.

Wata damina, kogi ya cika ya batse, wani babban malami ya rasu a ƙetare. Al'adar garin kuwa, ranar jana'iza ba a karɓar kuɗin fito, ba a kuma hana kowa shiga, don ba mai son a ce shi ya tare wa wani hanyar lada. Jama'a ta yi dafifi a gaɓa. Dattawa suna cewa za a yi salla ba su, mata suna cewa gaisuwar ranar farko ita ce gaisuwa. Aka yi ta shiga jirgin Arzika har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. A tsakiyar kogi igiyar ruwa, ba ma wata babba ba, ta bugi gefensa, ya kife. Arzika ya yi ta nutso yana ciro mutane har ya fara aman jini. Waɗanda ya ceto suna da yawa, waɗanda kogi ya riƙe su ma suna da yawa. Garin da ya tashi binne mutum ɗaya ya wayi gari yana haƙa kaburbura a jere, abin gwanin ban tausayi.

Wani maƙeri mai suna Korau, wanda ya rasa matarsa da 'yarsa tilo, shi ne ya kai ƙara. Mutane suka yi masa ca, suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wa ya taɓa ƙarar ƙaddara? Korau ya ce shi ba ya jayayya da hukuncin Allah, abin da yake so ya sani kawai shi ne ko akwai hannun mutum a ciki.

Ranar shari'a zaure ya cika. Waɗanda suka tsira suka yi shaida ɗaya bayan ɗaya, kowa yana wanke Arzika. Suka ce an sha yin lodi irin wannan a ƙetare lafiya, suka ce ko anini bai karɓa ba, suka ce ba don shi ba da su ma suna ƙasa. Aka tambayi Arzika, ya sunkuyar da kai yana hawaye. Alƙali ya ga in ya ɗaure shi a kan zato ya zalunci mai alheri, in kuma ya sake shi a kan soyayyar mutane ya zalunci matattu, waɗanda ba su da bakin magana.

Ya dubi shaidun. Sa'annan ya ce, "Kun gaya mini waɗanda suka shiga jirgi. To, akwai wanda aka bari a gaɓa?"

Nan fa fuskoki suka saki, don suna ganin ga hujjar da za ta kammala wanke shi. Suka ce mutum ɗaya rak aka bari, ita ce Gwamma, mahaifiyar Arzika. Ta riga ta zauna, ya zo da kansa ya sauke ta. Wane irin mai kirki ne zai hana uwarsa wuri don jama'a su samu?

Aka aika aka zo da ita, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, tana dogara sanda. Arzika ɗan farinta ne, bisa al'ada ko sunansa ba ta faɗi, balle ta tsaya masa a bainar jama'a. Amma ranar ta ajiye kunya a gida, ta zo ceton ɗanta. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan tun da na haife shi bai taɓa saɓa mini ba sai ran nan. Na zauna, har na gyara zanena, ya zo ya sungume ni ya dire a kan tudu. Na yi ta faɗa, ko juyowa bai yi ba."

Alƙali ya tambaye ta wa ya zauna a wurin da ta tashi. Ta ce ba kowa, yana dire ta ya koma ya tura jirgi. Ya tambaye ta ko ya ce mata wani abu. Ta ce e, a kunne ya raɗa mata, ya ce, "Inna, ba wannan sawun ba."

Tsohuwa ta dubi fuskokin mutane, ta ga duk sun sunkuya, ba ta gane abin da ya faru ba tukuna.

Alƙali ya juya ga Arzika, ya ce, "Da don wani ka sauke ta, da wani ya zauna a wurinta. Da don rage nauyi ne, da ba ita za ka zaɓa ba, tsohuwar da ba ta kai damin gero nauyi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka auna jirginka da ran mahaifiyarka, ka ga ba zai kai ba, sa'annan ka tura shi da iyayen wasu da 'ya'yansu."

Arzika ya ɗago kai karo na farko, ya ce, "Haka ne, Allah ya gafarta Malam. Na sani. Na dubi dattawan nan, sa'o'in ubana, na kasa cewa wani ya sauka. Ita kaɗai na iya saukewa, don ita kaɗai ce na san za ta yafe mini."

Alƙali ya ce bai yi kisa da gangan ba, ceton da ya yi kuma yana nan a wurin Allah, amma kunya ba ta zama uzuri inda rai ya salwanta. Ya yanke masa ɗauri, ya kuma haramta masa fito muddin ransa. Ya ce wa jama'a su ma kada su tafi suna ganin hannunsu tsarkakakke ne, domin su suka mai da a'a abin kunya a bakin mai fito. Daga ranar, in mai fito ya ce jirgi ya cika, ko jana'izar wa za a je, maganarsa ita ce doka. Korau ya sami amsar da ya nema, ya fita yana kuka kamar wanda aka kayar.

Sai da dogarai suka kama hannun Arzika sannan Gwamma ta fahimci cewa bakinta ne ya ɗaure shi. Sanda ta suɓuce mata. Ta ce, "Da ma ka bar ni a ciki. Da na tafi tare da su, da yau ba wanda zai ce ka sani."

Ya ce, "Inna, da na bar ki, da ɗaurin ya fi wannan."

Aka wuce da shi, ita kuwa ta zauna a ƙofar zauren har kowa ya watse.

Shi ya sa masu hikima na bakin kogi suke cewa: jirgin da ba ka yarda ya ɗauki uwarka ba, kada ka ɗora masa uwar wani.