Ƙafar Baba Ilu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya can, bakanike ne, ana ce masa Tanimu. Bawan Allah ne mai sanyin hali, garejinsa bai wuce gindin dalbejiya da akwatin sifanu ba, amma fa ya san mota. Ku na baya ku bar surutun nan ku matso, don labarin nan namu ne.

Cikin masu kawo masa aiki akwai Alhaji Mamuda, mai wata tsohuwar a-kori-kura da ke kai tumatir kasuwa. Direbanta wani dattijo ne, Baba Ilu, wanda ya tsufa a kan sitiyari, kuma da tuƙin nan yake ciyar da iyalinsa.

Ran nan motar ta fara wani kuka kamar na gyare. Baba Ilu ya kawo ta gareji, Alhaji da kansa ya biyo ta. Tanimu ya tayar da ita, ya taka kuloci, kuka ya ƙaru, ya saki, ya ragu. Ya ce, "Boris ɗin kuloci ne ya cinye, Alhaji, ɗan ƙarfen nan mai juyawa in an taka. Sai an sauke giyabos."

Alhaji ya ce, "Boris ɗin da ka sa kwanan nan? Me ya cinye shi?"

To ku saurara, nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Tanimu bai duba ba, bai leƙa ba, sai ya ce, "Ai yawanci direbobi ne. In mutum yana tafiya da ƙafa a kan kuloci, boris ba ya hutawa."

Yawanci ya ce. Bai kama sunan kowa ba. Amma direba nawa ne a wurin? Alhaji ya juya ya wanke dattijon nan tas a gaban jama'a, ya ce tsufa ya sa ƙafarsa ta yi nauyi, ya karɓe makulli. Baba Ilu ya dubi ƙafarsa, ya zura silifas ɗinsa, ya tafi gida.

Washegari Tanimu ya zo kwance mota, sai ya danna fedar kuloci da hannu, ya ji ta a ɗaure tamau. Masu mota kun sani, ana bar wa feda ɗan sako-sako, don boris ya huta in an ɗage ƙafa. Wannan babu ko kaɗan. Ya shiga ƙarƙashi, ya ga notin wayar kuloci an murɗa shi har ƙarshe. Wa ya murɗa? Shi ne. Ya tuna ranar da ya sa boris ɗin, hadari ya taso, yana sauri, ya ce zai daidaita daga baya, ya manta. Watau ko da Baba Ilu ya bar ƙafar tasa a gida, boris ɗin nan sai ya cinye.

Kunya ta rufe shi, ya daɗe a kwance ƙarƙashin motar nan ya kasa fitowa. Kuma babu wanda ya gani, jama'a, babu wanda ya gani. Zuciya ta ce masa, sassauta notin ka ja bakinka, Alhaji ne babban mai kawo maka aiki. Ya sassauta, ya sa sabon boris, mota ta tashi garau. Aka kawo masa abinci, ya ture kwanon gefe.

Bayan la'asar ya kai motar ƙofar gidan Alhaji, ya tarar majalisa ta cika. Ya so ya jira a watse, sai ya ce a ransa, a gaban mutane aka ci mutuncin dattijon nan. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ba ƙafar Baba Ilu ba ce. Hannuna ne. Ni na ɗaure wayar fiye da ƙima, kuma na faɗi maganar da ban duba ba."

Alhaji ya ce, "Watau kai ka sa na zagi sa'an yayana a banza? Ajiye makullin. Ba ka ƙara taɓa motata." Kuma bai ƙara taɓa ta ba har abada. Kada ku zaci zan ce an yi masa kyauta, ba a yi ba.

Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya kai wa Baba Ilu makullin da kansa. Alhaji ya kau da kai, ya yi masa nuni da hannu ya ɗauka. Ya samu dattijon zaune a zaure, ya faɗa masa komai, kansa a sunkuye.

Baba Ilu ya ce, "Tanimu, ni fa na yarda da maganarka. Tun jiya nake kallon ƙafar nan ina cewa ashe na tsufa ban sani ba. Har na gaya wa iyali na bar tuƙi ke nan." Sai ya miƙa hannu ya karɓi makullin. "Tashi, ɗana. Na yafe."

Nan Tanimu ya fashe da kuka, domin yafiyar ta fi masa zafi a kan faɗan Alhaji.

To 'yan'uwa, ga darasin a fili. Wanda ya ɗora wa wani laifinsa ya zalunce shi, ko da bai kama suna ba, kuma tuba ba ta cika sai ka wanke shi a inda aka ɓata shi. Kai tela da ka ce yadin ne ba kyau, kai birkila da ka ce leburan ne, kai maigida da ka ce yara ne suka ɓatar, ni kaina ban cire kaina ba. Wataƙila akwai wani yanzu haka a zaune yana zargin kansa saboda kalma ɗaya da ta fito daga bakinka. Ka san shi, ka san gidansa. In mun tashi daga nan, kada ka wuce gida, fara zuwa wurinsa. Allah Ya ba mu ikon yi.