Sarki Indirasena da Ɗan Falken da Za a Kashe

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a ƙasar Hindu an yi wani sarki mai suna Indirasena, wanda ya yi karatu a wurin masu zuhudu na dajinsu. Suka koya masa cewa abin da ke akwai ɗaya ne tak, suna kiransa Barahman, shi ne ran kowane mai rai. Yawan abubuwan da ido ke gani kuwa, da rabewar ni da kai, ruɗi ne, suna ce masa maya. Wannan magana ta shiga zuciyar sarki har ya daina zaman shari'a, ya bar mulki a hannun wazirinsa Somadatta.

An ce wazirin nan ya yi kwaɗayin lambun wani falke mai suna Kesawa, falke ya ƙi rabuwa da shi. Sai waziri ya ƙaga wa ɗan falken laifin zuba guba a rijiyar fada, ya sa aka ɗaure shi, aka tsayar da ranar sare kansa.

Kesawa ya yi ta roƙon masu gadi har aka kai shi gaban sarki. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, za a kashe mini ɗa ba da hakkinsa ba."

Sarki ya dube shi ya ce, "Ya kai falke, mai kisa da wanda aka kashe abu ɗaya ne, takobin ma ruɗi ne. Gaya mini wanda za a zalunta. In ka amsa, na saurari ƙararka."

Falke ya ce, "In sarki ya yi mini izini, zan ba da labarin abin da ya faru a wani ayari. Matafiya biyu ne suka sauka hutawa da tsakar rana a bakin wani kwazazzabo. Barci ya ɗauke ɗayansu, ya yi mafarki damisa ta biyo shi, ya shiga ihu yana shure-shure. Abokinsa mai ilimi ne. Ya duba gabas da yamma bai ga damisa ba, ya ce a ransa, mafarki ne kawai, me zai sa in wahalar da kaina? Ya ci gaba da zamansa. Can sai mai barcin ya zabura a guje, idonsa a rufe, ya afka cikin kwazazzabon ya mutu. Ranka ya daɗe, babu damisa, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya san babu, shi ne ya kamata ya miƙa hannu ya tashe shi."

Sarki ya ce, "Ba ka amsa tambayata ba tukuna."

Kesawa ya ɗaga kai, hawaye na zuba masa, ya ce, "In har ɗaya ne, to babu wani a kurkukun nan sai kai. Tsoron ɗana naka ne, wuyan da za a sare naka ne. Ruɗin da ya fi kowane girma shi ne ka zauna a nan kana tsammanin abin bai shafe ka ba."

An ce daga nan sarki ya miƙe, ya tafi kurkuku da ƙafarsa, ya kwance saurayin da hannunsa. Ya sa aka ɗebo ruwan rijiyar aka gwada, aka tarar ba komai cikinsa, shaidun waziri kuma suka tona wanda ya sa su ƙarya. Sarki ya tuɓe Somadatta ya kore shi daga ƙasar, ya zaunar da Kesawa cikin majalisarsa, ya koma zaman shari'a har ƙarshen ransa.

Masu wannan ruwaya sun ce, wanda ya gane cewa shi da ɗan'uwansa ɗaya ne, alamarsa ita ce ba ya iya jin kukan wani ya ci gaba da zama.