Harawar Dagaci

A shekarar da rani ya ƙi ƙarewa, nono ya yi tsada a Gidan Kwari. Dagaci Barmo ya sa aka kira Dudu mai tallar nono, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu uku da sandarsa jingine a ƙofar bukka.

"Ke Dudu, ludayi ɗaya a kuɗin uku? Daga yau a farashin damina za ki sayar, ko in ƙwace shanun."

Ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, shanun sun ƙafe, ga masu saye da yawa."

"Ba labari na tambaye ki ba!"

"Na ji, na bi. Amma dokar ni kaɗai ta hau, ko kowa?"

"Kowa da kowa! Mu nan adalci muke yi," in ji shi, yana duban jama'a.

"Allah ya ƙara adalci. To, da damina nawa ake sayar da ciyawa?"

Dagaci ya tuntsire da dariya. "Ku ji wauta! Wa ke sayen ciyawa da damina? Ai kyauta ce."

"Madalla. Duk harawar garin nan tana jibge a kan rufin gidanka, tana jiran tsada. A sauko mini da dami goma a farashin damina, shanuna su ƙoshi, nono ya wadata."

Dagaci ya ɗaga kai ya dubi rufinsa, ya daɗe yana shafa gemu.

"Ita wannan doka," in ji shi, "sai ruwa ya sauka za ta fara aiki."