Murar Auta ta Wata Huɗu

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha takwas, a gidansu kowa Auta yake ce mata. Haƙoranta na gaba sun hau juna, sai likita ya ɗaura mata ƙarfen gyaran haƙori, ya ce sai ya shekara biyu a bakinta.

Ranar da ta fara kallon madubi, ita da kanta ta ji ƙyamar bakin. Washegari ta sayi takunkumi irin na asibiti ta rufe fuska. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce mura take yi. Murar nan ta yi wata huɗu, har yayarta tana cewa ta isa a raɗa mata suna.

A ajin koyon kwamfuta ta haɗu da wani saurayi da ake kira Ɗan Gayu, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Ya ce idanunta kaɗai sun gama da shi, ya gayyace ta cin abinci ranar Asabar da rana. Ta amsa, amma ta san ba a cin abinci da takunkumi.

Yayarta ta ce mata, "Auta, in ke yake so, ƙarfe ba zai kore shi ba. In kuwa ya gudu, Allah ya raka taki gona."

Ranar ta goge baki sau uku, ta bi tsakanin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da ɗan siririn buroshin da likita ya ba ta.

A gidan abincin aka kawo musu kaza. Ta sauke takunkumin, ta yi murmushi.

Ɗan Gayu ya daina tauna. Can ya fashe da dariya da abinci cike da baki, har wani guntu ya faɗa cikin kofinta.

"Wannan baki ne ko kejin kaji? Don Allah mayar da abin nan, abinci nake ci."

Har ta kai hannu za ta mayar, sai ta ɗago. Duk watannin nan kanta a sunkuye yake, yau ne ta fara ganin cikin bakinsa. Haƙora sun yi rawaya, datti ya kwanta a gindinsu, ga zaren nama yana lilo. Tana kallo ya zaro makullin babur ya sakace, ya duba abin da ya fito, ya mayar baki, sannan ya goge makullin a jikin ƙyallen tebur.

Wai wannan ne take ɓoye wa bakin da take wankewa sau uku a rana?

Ta cire takunkumin gaba ɗaya, ta ninke shi, ta ajiye kusa da farantinsa.

"Riƙe, malam. Ka fi ni buƙata."

Ta koma gida fuska a buɗe. Yayarta na ganinta ta ce, "A'a, murar ta warke?"

"Ta warke, Yaya. A kan tebur na baro ta."

Darasi: Abin da kake gyarawa a jikinka ba abin kunya ba ne. Kafin ka sunkuyar da kai saboda dariyar wani, ɗago ka dubi bakin da ke dariyar. Ku tura wa duk ƙanwa ko ƙanen da ke rufe baki idan zai yi murmushi.