Sau Uku Baba Ya Ce Ya Sauke Giya

Akwai wani mutum da ake kira Injiniya. Sana'arsa haɗa na'urar sanyaya ɗaki a ofisoshi, kuma ya iya aikinsa. Aibinsa ɗaya: ba a gaya masa abu ya ce bai sani ba.

Da ya sayi mota mai giya atomatik, ya ce wa matarsa ta shirya su je su ɗauko mahaifinta ya yi sati a wurinsu. Tsohon ya yi shekara talatin da huɗu yana jan tirela kafin ciwon gwiwa ya ajiye shi. Gidansa yana can saman dutse, kuma titin da ke saukowa gangare ne mai tsawo, kwana bayan kwana.

Da hantsi suka kamo hanyar dawowa. Tsohon yana gaba, 'yarsa tana baya riƙe da jakar magungunansa.

Da suka iso bakin gangaren, tsohon ya dubi sandar giya ya ce, "Ɗana, kafin ta ɗauki gudu, mayar da ita lamba biyu. Bari inji ya riƙe maka ita."

Injiniya ya yi murmushi. "Baba, wannan ba irin motocinku ba ce. Ita ke zaɓar giyarta da kanta."

"Tana zaɓa, amma ba ta ganin hanya. Kai ke gani."

Injiniya ya ɗora ƙafa a kan birki, ya bar ta a nan.

Bayan sun sha kwana huɗu ko biyar a gangaren, tsohon ya sake magana. "Tun daga sama ba ka ɗaga ƙafarka ba. Birki yana gajiya kamar mutum. In ya yi zafi, ba ya kamawa. Sauke giya."

"In na sauke giya injin zai yi ta ihu, ya lalace."

"Ihun nan aikinsa yake yi. Ba abin da zai same shi."

Matar ta ce a hankali, "Baban yara, ka gwada mana."

Ya harare ta ta madubi. "Ke ma kin zama direba?"



Can tsohon ya sauke gilashi, ya shaƙi iska. Fuskarsa ta canza. "Ƙauri nake ji. Don Allah ka sauke giyar, ka nemi wuri ka tsaya ya huce."

"Saura kaɗan mu sauka, Baba. Ka kwantar da hankalinka."

Ba su yi minti biyu ba ya taka birki a bakin wata kwana, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Ya sake takawa. Babu komai.

Sai a lokacin ya fizgo sandar giya zuwa ƙasa. Motar ta riga ta yi gudu da yawa, giyar ta ƙi shiga.

"Ja birkin hannu a hankali, ka goga ta da jikin dutse," in ji tsohon, muryarsa ba ta ko rawa.

Amma tsoro ya gama kama Injiniya. Ya fizge birkin hannun gaba ɗaya. Tayoyin baya suka kulle, motar ta juya, bayanta ya daki shingen kankare.

Tsohon ya karye a kafaɗa. Injiniya ya fita da tsaga a goshi. Matar ba ta kai asibiti ba. Ta bar yara uku.

Kwana biyu Injiniya yana gaya wa kansa cewa motar aka sayar masa da lalataccen birki. Ya tura bakanike ya duba. Bakaniken ya dawo ya ce, "Maigida, birkin sabo ne. Zafi ne ya ƙona shi, har man ya tafasa. Wa ya sauko da ita a D tun daga sama, bai sauke giya ba?"

Ranar uku masu ta'aziyya sun cika ƙofar gida. Wani dattijo ya tambayi tsohon yadda abin ya faru. Tsohon yana zaune da hannu a rataye a wuya. Bai dubi surukinsa ba, ya ce, "Birki ne ya ƙi. Kwananta ya ƙare."

Da zagin Injiniya tsohon ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Injiniya ya taso ya durƙusa a gaban tsohon, a gaban kowa. "Ba birki ba ne. Ni ne. Sau uku Baba ya ce in sauke giya, na ƙi. Ita ma ta ce in gwada, na yi mata tsawa."

Tsohon ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce, "Tashi ka shiga ciki. Tun safe ƙaramar take tambayar inda uwarta ta tafi, kuma ni ba zan iya ba ta amsa ba."

Darasi: Wanda ya riga ka sanin hanya, ka saurare shi ko da motarka ta fi tasa sabunta. In za ka sauka dogon gangare, ka mayar da giya 2 ko L tun daga sama, kada ka bar wa birki aikin shi kaɗai. Ku tura wa duk wani mai tuƙi da kuke son ya dawo gida lafiya.