Hansai da Garken Kifin Ciyawa

Sarki Barmo ɗan Jatau, jikan masu jiragen Birnin Sansami na bakin teku, ya sa an kwashe kifin ciyawa kakaf don walimar naɗinsa. Wannan kifi mai baki irin na zomo ba ya cin nama, yana bin cikar ruwa garke-garke yana kiwon gansakukar duwatsu. Da kifin ya ƙare, gansakuka ta taso, baƙa ƙirin, mai yauƙi da ɗoyi, ta shaƙe mashigar jirage, ta haye ganuwa, ta naɗe ƙafafun sarki a kan gadonsa, tana hawa zuwa wuyansa.

Jarumai suka tafi neman wani garken kifin da taru da ƙugiya, babu wanda ya komo. Sai 'yar sarki Hansai, doguwa, tsayayya, marar sunkuyar da kai, ta bi gaɓa har fadar Zarƙumu, sarkin aljanun teku, wadda aka gina da ƙasusuwan jirage.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, garkenka na kifin ciyawa nake roƙo."

Zarƙumu ya yi dariya har ruwa ya ja baya. Ya ce, "'Yar mai haɗama, ubanki ya cinye makiyayan gonata! Ki kora su da ƙafa, ba taru, ba ƙugiya. A gadon bayansu akwai ƙaya mai dafi. Kika yi ƙara sau ɗaya, za su watse, ubanki ya shaƙe."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ba kuka na zo yi ba."

Ta shiga ruwa iya gwiwa, riƙe da dami na ɗanyar ciyawa. Ruwa ya cika, kifayen suka bi ta. Ya janye, suka laɓe cikin kogunan dutse, ta tsaya a rana tana jira. Duk inuwar tsuntsun da ta gifta sai su miƙe ƙayoyi, su soke ta. Ƙafafunta suka kumbura suntum, ta ciji leɓe har jini ya zubo, ba ta ce uffan ba.

Ta iso gansakuka ta kai haɓar sarki. Kifayen suka duƙufa kan saiwarta a gindin ganuwa, ƙaras-ƙaras, har ta saki, ta zube.

Barmo ya cire rawaninsa ya miƙa mata. Ta hau gadon sarauta da ɗingishin da bai rabu da ita ba har abada, ta ce, "Baba, a fara da ƙone tarun nan."

Allah ya tsare mu da cinye abin da ke tsaron mu.