Lahadi ta Uku ta Sanarwar Auren Hephzibah

Akwai wata budurwa a Kafanchan mai suna Hephzibah, malamar firamare ce a Manchok, kullum da safe sai ta shiga bas ta tafi. Ba ta da yawan magana. Tana shirin aure da Justin, wani manomin citta da ya shafe shekara biyu yana zuwa zance gidansu a kan tsohon babur ɗinsa, ko ana ruwa ko ana rana.

A cocinsu, kafin a ɗaura aure sai fasto ya karanta sanarwa Lahadi uku a jere. Kowane karo zai tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana auren, ya tashi ya faɗa a gaban ikilisiya. In Lahadi ta uku ta wuce ba wanda ya tashi, magana ta ƙare.

Ranar da aka yi sanarwa ta farko, Hephzibah ta kasa cin abincin rana. Da Justin ya zo, ta ja shi gindin mangwaron bayan gida.

“Akwai abin da ban faɗa maka ba,” in ji ta. “Lokacin da nake kwalejin malamai na so wata yarinya, sunanta Mildred. Ba ƙawance nake nufi ba. So nake nufi, irin wanda nake yi maka yanzu. Mun rabu tun shekara biyar da suka wuce.”

Justin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga hawaye a idonta, dariyar ta mutu.

“To ni fa? Duk shekarun nan wasa kike yi da ni?”

“Allah ya sani ba wasa ba ne. Zuciyata tana iya son mace, tana iya son namiji. Haka na tashi na gan ta. Ba na so in tsaya a gaban bagadin coci ina ɓoye maka.”

“Ke nan rabin abin da kike so ne kawai a wurina.”

“Justin, mata nawa ne a Kafanchan? Ba ka ganin kyawunsu? Amma ɗaya ka zaɓa. Ni ma ɗaya na zaɓa.”

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko sallama bai yi wa mamarta ba.

Justin ba mugu ba ne, ruɗewa ya yi. Sai ya yi abin da ya saba yi tun rasuwar iyayensu: ya kai maganar wurin yayarsa Rosemary, wadda ta rene shi, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocin. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, shawara kawai yake nema.

Rana ta uku Rosemary ta kira Hephzibah a waya.

“Na ji komai. Ki janye da kanki kafin sanarwa ta uku. In ba haka ba, fasto yana tambaya zan tashi, in faɗi ko ke wace ce.”

Ta kashe wayar.

Hephzibah ta san abin da wannan yake nufi. Ba auren kaɗai zai tafi ba. Kafin Litinin labari zai kai Manchok, iyaye su kwashe yaransu daga ajinta, mamarta ta kasa shiga kasuwa. Wa ya sani ma ko samarin unguwa za su bar ta ta wuce lafiya. Ta kira Justin sau goma sha ɗaya, bai ɗaga ba. A sanarwa ta biyu ta zauna, Rosemary tana kallonta daga layin zumunta, Justin kuwa kansa a ƙasa har aka tashi.

Ranar Asabar, jajibirin sanarwa ta uku, ta kasa daurewa. Ta nufi gidan Rosemary, ta same ta a tsakar gida da wuƙa a hannu, tana tsaga citta tana bazawa a kan tamfol don ta bushe. Hephzibah ta durƙusa a ƙasa.

“Anti, na zo roƙo ne.”

“Kada ki ce mini anti. Irinku na san ku. Ba kwa ƙoshi da mutum ɗaya. Yau mace, gobe namiji, jibi duka biyun. Ƙanena kike so ki mayar zanen rufa asiri, ki shiga gidansa ki riƙa kawo ƙawaye.”

“Ban taɓa haɗa mutum biyu ba a rayuwata. Shekara biyu da Justin, ki tambayi duk wanda kike so.”

“Kuma an ba ki yaran mutane kina koyarwa! Yesu ka yi mana jinƙai.”

Wannan maganar ta fi kowace yi wa Hephzibah zafi. “Anti, yara ne fa. Karatu nake koya musu. Me ya haɗa su da wannan?”

Rosemary ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a zaninta. “To ga hanya ɗaya. Ki ce aljani ne ya shige ki a makaranta. In kai ki dutsen addu'a, ki yi azumi kwana uku, ki dawo ki ce ya fita. In kin faɗi haka, gobe zan yi shiru.”

Hephzibah ta rufe ido. Kalma ɗaya ce, komai ya dawo mata: aikinta, mutuncin mamarta, Justin. Bakinta har ya buɗe.

“Zan yi azumin tare da ke in kina so,” ta ce a ƙarshe. “Amma ba zan ce aljani ba ne. Ba wanda ya shige ni. Ni ce na so ta, ni ce kuma nake son ƙanenki. In na yi ƙarya yau, don me na faɗa masa gaskiya?”

“Kin ji ko? Ko kunya babu! Ni shekara goma sha shida ina gidan miji. Gidana gida ne mai tsabta, mijina namiji ne na gaske.”

Duk Kafanchan an san Henry, mijin Rosemary, direban babbar mota, yana da wata mace a Jere har da ɗa. An sani, ba a dai faɗa a gabanta. Maganar ta zo wa Hephzibah har kan harshe. Ta ɗago, suka haɗa ido, sai ta ga tsoro a idon Rosemary. Matar ta san Hephzibah ta sani, tana jiran dukan ne.

Hephzibah ta haɗiye maganar.

“Allah ya ƙara wa gidanki albarka, Anti,” ta ce. Ta tashi ta karkaɗe gwiwoyinta ta fita.

Ba ta san Justin yana cikin ɗakin ajiyar buhuna ba. Ya ji komai.

Da safiyar Lahadi ta so ta ƙi zuwa coci, amma rashin zuwan ma amsa ce. Ta zauna a ɓangaren mata, can gefe. Bayan waƙar baiko, wato sadakar coci, fasto ya buɗe takarda, ya karanta sunayensu.

“Wannan ita ce sanarwa ta uku, kuma ta ƙarshe. In akwai wanda ya san wani dalili, ya tashi yanzu.”

Benci ya yi ƙara a layin zumuntar mata. Rosemary ta miƙe. Coci ya yi tsit, har kukan wani jariri a waje ana ji.

Sai ga Justin ya tashi daga ɓangaren maza. Ya ratsa tsakiyar coci a gaban dattawa, abin da ba a yi, ya shiga cikin mata ya tsaya kusa da Hephzibah. Ya juya ya fuskanci yayarsa.

“Mama Rosemary,” in ji fasto, “kina da magana?”

Rosemary ta dubi ƙanenta. Ta dubi yarinyar da jiya ta riƙe abin da zai kunyata ta, ta ƙi jefa mata.

“Babu, Fasto,” ta ce. “Zanina nake gyarawa.”

Ta zauna. Wasu mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa, fasto ya rufe takarda ya ce, “Ubangiji ya sa albarka.” Ikilisiya ta amsa da amin.

Hephzibah ba ta ji amin ɗin ba, kuka take yi. Justin ya sunkuyo kusa da kunnenta.

“Sirrinki ne kika ba ni, na kai wa wani. Ki yafe mini. Kuma ki matsa, ƙafafuna ba za su iya mayar da ni can ba.”

Ta matsa. Ya zauna a cikin mata har aka tashi.

Darasi: Wanda zuciyarsa take iya son mace da namiji ba aljani ne ya shige shi ba, ba maƙaryaci ba ne, ba kuma haɗari ba ne ga yaran kowa. Riƙon amana hali ne na mutum, bai danganta da wanda zuciya take iya so ba. In wani ya amince maka da gaskiyarsa, kada ka kai ta inda za ta zama makami, domin rayuwarsa ce ya sa a hannunka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai irin kukan Hephzibah a kusa da ku, ba ku sani ba.